Yadda ake ziyartar gidan tarihin Rumawa na birnin Napoli

Wanda ya je kufan Pompei ya dawo bai shiga gidan tarihin Napoli ba, ɗakuna ya gani babu kayan ɗaki. Tun da aka fara tonon garin a 1748, da na maƙwabcinsa Ercolano a 1738, duk abin da ya fi daraja ɗauke shi aka riƙa yi. An yanke zanen bango, an ɓamɓaro adon daɓe, an kwashi tagulla da azurfa da gilashi, daga baya duka suka taru a gini guda a tsakiyar Napoli, a kudancin Italiya. Sunan wurin Museo Archeologico Nazionale di Napoli, mutanen gari kuma MANN suke ce masa a taƙaice. Ga yadda nake ganin ya kamata a shige shi don a fito da wani abu a kai, ba ciwon ƙafa kaɗai ba.

Mataki na farko: san abin da ya faru kafin ka tashi

A shekara ta 79 miladiyya dutsen Vesuvio ya yi aman wuta. Toka da tsakuwa suka binne Pompei zurfin mita 4 zuwa 6, Ercolano kuwa ya nutse ƙarƙashin kusan mita 20. Wani saurayi mai suna Pliniyo ƙarami ya ga abin daga ƙetaren ruwa, ya kuma bayyana shi daga baya a wasiƙu biyu. Kawunsa, wanda shi ne shugaban jiragen ruwan yaƙin yankin, ya rasu a bakin teku garin ceton mutane. An daɗe ana cewa ranar 24 ga Agusta ne, amma wani rubutun gawayi da aka gano a bango a 2018 ya ƙarfafa masu cewa a watan Oktoba abin ya faru.

Wannan bala'in ne ya bambanta gidan tarihin Napoli da sauran. A wasu wuraren abin da sarakuna suka so a tuna da su ake gani. A nan har da abin da ba wanda ya yi niyyar adanawa: tukunyar girki, ma'aunin ɗan kasuwa, matajin kai, takardar bashi.

Kada kuma sunan ya rikita ka. Rumawan da Suratur Rum ta ambata na daular gabas ne, masu hedikwata a Kustantiniyya a ƙarni na 7. Waɗannan na Napoli magabatansu ne da wajen shekara ɗari biyar da hamsin, lokacin da birnin Rum kansa yake juya duk kewayen Bahar Rum, har da Masar da Libiya da Tunisiya ta yau.

Mataki na biyu: rana, tikiti da hanya

Gidan yana rufe ranar Talata. Sauran ranaku ana buɗewa ƙarfe 9 na safe zuwa 7:30 na yamma, ana daina sayar da tikiti kafin lokacin tashi. Lahadin farko na kowane wata kyauta ake shiga gidajen tarihin gwamnatin Italiya, amma ban ba ka shawarar wannan ranar ba sai in aljihu ya matsa, domin cunkoso zai hana ka tsayawa gaban komai. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa biya, sai dai a riƙe musu fasfo. Kuɗin manya yana canjawa, don haka ka duba shafin gidan na intanet ka saya a can. In kana da niyyar zuwa Pompei da Ercolano ma, ka lissafa ko katin Campania Artecard, wanda yake haɗa shiga wurare da kuɗin jirgi, zai fi maka sauƙi.

Mai zuwa daga Najeriya ko Nijar bizar Shengen yake buƙata. Wanda yake zaune a Italiya kuwa abin a tafin hannunsa yake: daga Rum jirgin ƙasa mai gudu yana kai wa Napoli cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Daga babbar tashar Garibaldi sai ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 1 ka sauka a tashar Museo, ko layi na 2 ka sauka a Piazza Cavour. Jan gini ne babba, ba ya ɓuya. A cikin jirgi ka mayar da jakarka gaba, waya kuma kada ta leƙo daga aljihun baya.

Ka iso ƙarfe 9 daidai. Sa takalmin da ƙafarka ta saba da shi. Babbar jaka za a ce ka ajiye a ma'ajiya. Ana ɗaukar hoto amma ba da walƙiyar kyamara ba. Ka zo da ɗan littafi da biro, za ka ga amfaninsu.

Mataki na uku: tambaya a bakin ƙofa

Kafin ka wuce wurin tikiti ka karɓi taswirar gidan, sannan ka tambayi sassan da suke rufe a ranar. Gidan yakan rufe wasu ɗakuna saboda gyara ko ƙarancin masu gadi, wasu kayan kuma sukan tafi aro wasu ƙasashe. Gara ka sani tun a ƙasa da ka hau bene ka tarar da igiya a ƙofa.

Tsarin ginin ba wuya. A ƙarƙashin ƙasa akwai kayan Masar da rubuce-rubucen kan dutse. A hawan ƙasa akwai manyan mutum-mutumi. A tsakanin hawa biyu akwai zanen tsakuwa. A sama akwai zanen bango da tagulla da kayan gida. Yawancin mutane daga ƙasa suke farawa, su ƙarar da ƙarfinsu wajen manyan duwatsu, su isa sama a gajiye, alhali a sama ne dukiyar take. Ni dai na fi son a hau can ƙoli da sassafe a riƙa gangarowa.

Mataki na huɗu: koyi karanta ɗan allon da ke gefen kaya

Minti biyu ne, amma yana canja ziyarar gaba ɗaya. In ka ga "a.C." ana nufin kafin haihuwar Annabi Isa, "d.C." kuma bayan haihuwarsa. "Sec." ƙarni ne, ana rubuta shi da lambobin Rumawa, wato "I sec. d.C." ƙarni na ɗaya ke nan. In an rubuta "copia romana", abin da ke gabanka kwaikwayo ne da Rumawa suka yi na wani aikin Girkawa wanda sau da yawa asalinsa ya ɓace.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne layin da yake faɗin inda aka samo abu. Za ka ga sunan gida da lambobi uku, misali Casa del Fauno, VI 12, 2. Unguwa ta shida, rukunin gidaje na goma sha biyu, ƙofa ta biyu. Giuseppe Fiorelli, wanda ya karɓi ragamar tonon a farkon shekarun 1860, shi ne ya tsara wannan adireshi, kuma har yau da shi ake aiki a Pompei. Duk abin da ya kama maka zuciya, rubuta adireshinsa a littafinka.

Mataki na biyar: hawan sama, inda ya kamata ka daɗe

Fara da sashen zanen bango. Rumawa suna zane ne a kan ɗanyen yaɓen farar ƙasa, launi ya shige ciki ya bushe tare da shi, shi ya sa bai kaɗe ba. Jan nan da ya yi suna, wani daga ma'adinin ja aka yi shi, wani kuma asalinsa ɗorawa ne, zafin aman wutar ya mayar da shi ja.

Zanen ya fi ƙarfin ƙirga a safiya ɗaya. Nemi uku. Na farko hoton Terentius Neo da matarsa, daga gida mai lamba VII 2, 6, wanda yake haɗe da gidan burodi. Shi yana riƙe da naɗaɗɗiyar takarda a ƙarƙashin haɓa, ita kuma ta ɗora tsinken rubutu a leɓe, ɗaya hannun yana riƙe da allo. Allon na katako ne da aka shafe da kakin zuma, a rubuta, a goge, a sake rubutawa. Duk wanda ya yi makarantar allo zai gane dabarar nan take. Dubi fuskokinsu. Ba 'yan sarauta ba ne, mutanen kasuwa ne da suka samu, suka kira mai zane suka ce a nuna su a matsayin masu karatu. Lura kuma cewa matar ce a gaba.

Na biyu zanen faɗan filin wasa. A shekara ta 59 rikici ya ɓarke tsakanin 'yan kallon Pompei da baƙi daga garin Nuceria, aka kashe mutane, majalisar dattawan Rum ta hana garin irin wannan wasan na tsawon shekara goma. Wani mai gida ya sa aka zana masa faɗan a bangonsa, har da rumfunan masu talla a bakin fili. Na uku mutumin da yake zaune a kan teburi cikin farin tufafi yana miƙa burodi, yaro yana ɗaga hannu. An daɗe ana ce masa mai sayar da burodi, amma irin tufafinsa ya sa masana da yawa suke ganin ɗan siyasa ne yake rabo don neman ƙuri'a.

Daga nan sai kayan gida, kuma a nan nake roƙonka ka rage sauri. Akwai fitilun yumɓu da na tagulla masu lagwani, ƙannen aci-bal-bal, sai dai da man zaitun suke ci. Akwai sikelin ɗan kasuwa mai sanda da ƙugiya, da makullai, da kaskon tuya, da madubin hannu, da kwalaben turare masu siririn wuya. Akwai kayan aikin likita, almakashi da hantsaki da wuƙaƙen fiɗa, waɗanda ma'aikacin asibitin yau zai iya faɗa maka aikin yawancinsu. A gidan da ake kira Casa del Menandro an tarar da kayan azurfa guda 118 a 1930, an naɗe su cikin ƙyalle an jera a akwati a ɗakin ƙasa. Mai su ya adana abinsa da kyau, bai dawo ba. Sai shuɗin tulun gilashi mai farin ado, Vaso Blu, wanda aka yi da gilashi hawa biyu, aka sassaƙe farin har shuɗin ya bayyana. Kuskure ɗaya na hannu ya isa ya fasa aikin wata da watanni. Ka tambayi masu gadi ko an fito da ƙonannen burodin Ercolano: zagayayye ne, an tsaga shi gida takwas, da hatimin mai shi a jiki.

Sashe na gaba na katafaren gidan Ercolano ne da ake kira Villa dei Papiri, wanda aka tona ta ramuka a ƙarƙashin ƙasa daga 1750. Mutum-mutumin tagullar da ke nan ba su da na biyu, musamman samari biyu da suka sunkuya za su fara tsere. Idanunsu na ainihi suna nan, na farin ƙashi da dutse, sai ka ji kamar kai suke kallo. A wannan gida aka samu naɗaɗɗun littattafai kusan 1,800 da suka zama gawayi, yawancinsu rubutun wani malamin falsafa Filodemo. Wani limamin coci, Antonio Piaggio, ya ƙera na'urar warware su da zaren siliki a hankali, 'yan milimita a rana. A 2023 aka karanta kalmar farko daga wanda ba a buɗe ba, ta hanyar hoton ciki irin na asibiti da kwamfuta. Littattafan da kansu suna babban ɗakin karatu na ƙasa a Napoli.

Kafin ka sauka, tsaya gaban ƙaramin samfurin garin Pompei da aka fara haɗawa a 1861, kowane mita ɗari na gari mita ɗaya a nan. Nemi gidajen da ka rubuta. Sannan ka duba agogo. A babban zauren da ake kira Salone della Meridiana akwai dogon layi a daɓe da aka shimfiɗa a farkon shekarun 1790, da ƙaramar ƙofar haske can sama a kusurwa. Idan rana ta kai tsaka, ɗigon haske yana sauka kan layin. Zawali ke nan a idonka. Da hunturu wajen ƙarfe 12 ne, da bazara da suke ƙara awa a agogo kuwa wajen ƙarfe 1.

Mataki na shida: zanen tsakuwa

Gangaro rabin bene. Mozayik hoto ne da ake haɗawa da 'yan gutsattsarin dutse masu launi, kuma a ƙasa ake shimfiɗa yawancinsa, a taka. Kowanne ka kalle shi sau biyu: daga nesa har ya zama hoto, sannan ka matso har ya koma tsakuwa.

Sarkinsu shi ne na Iskandar, wanda aka gano a 1831 a Casa del Fauno. Tsawonsa mita 5.82, faɗinsa 3.13, tsakuwarsa ta haura miliyan ɗaya, an yi shi wajen shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa. Yana nuna Iskandar na Makidoniya yana kutsawa kan doki, Dariyus na uku sarkin Farisa kuma yana kan keken yaƙi, direbansa ya juya dawakai za a gudu, shi kuwa ya miƙa hannu baya wajen mutuminsa da mashi ya soke. Galibi ana cewa yaƙin Isus ne na shekara ta 333 kafin haihuwar Annabi Isa. Nemi sojan da ya faɗi ƙasa yana ganin fuskarsa a jikin garkuwa. Abin da yake taɓa ni shi ne, mai aikin ya ba wanda aka ci da yaƙi tsakiyar hoton, ya kuma ba shi fuskar mai tausayi. An fara babban gyaran wannan zane a 2021, don haka yana cikin abubuwan da za ka tambaya a ƙofa.

A nan kuma akwai wani zanen na kogin Nilu, wanda aka ɗauko daga bakin ƙofar ɗakin da aka samu na Iskandar: dorina ta wangame baki, kada, agwagi, da tunku yana fuskantar maciji. Attajirin Italiya ne ya shimfiɗa Afirka a daɓensa. Masar ce take ciyar da Rum da alkama, kuma a Pompei har ɗakin bautar Isis ta Masarawa akwai, wanda kayansa suke da sashe guda a sama.

A wannan hawan ne ƙofar Gabinetto Segreto take, ɗakin da aka tara zane da sassaƙa na batsa. An sha rufe shi ana buɗewa, sai a shekara ta 2000 aka buɗe shi dindindin, kuma yaro ɗan ƙasa da 14 ba ya shiga sai da babba. Ƙofarsa daban take, wanda ba ya so sai ya wuce, bai rasa komai na sauran gidan ba. Sai dai in faɗa maka gaskiya tun yanzu: yawancin mutum-mutumin hawan ƙasa tsirara suke, haka Girkawa da Rumawa suke sassaƙa jarumai da abubuwan bautarsu. In da iyali ko surukai za ka je, ku yi maganar tun a gida ku san inda za ku bi.

Mataki na bakwai: manyan duwatsun Farnese

Waɗannan daga birnin Rum suka zo. Dangin Farnese, waɗanda suka fitar da Fafaroma Paul na uku, su suka tara su. Sarki Carlo na Napoli ya gaje su ta wajen mahaifiyarsa, aka fara kwaso su a 1787. Biyu sun ishe ka, dukansu daga gidan wankan Sarki Caracalla aka tono su a tsakiyar shekarun 1540.

Ercole Farnese, mutum-mutumin Hercules jarumin tatsuniyar Girkawa, ya haura mita uku, ƙato ne ya jingina da kulkinsa a gajiye. Zagaya bayansa: a hannun da ya ɓoye akwai 'ya'yan itacen da ya sha wuya kafin ya samo. Wanda ya tsaya a gaba kawai bai ga labarin ba. Mai sassaƙar, Glikon mutumin Atina, ya sa sunansa a kan dutsen da ke ƙarƙashin kulkin. Da aka tono shi babu ƙafafu, sai aka yi masa sababbi. Na asalin sun bayyana daga baya aka mayar masa. Toro Farnese kuwa, samari biyu suna ɗaure mace a ƙahon bijimi, yana cikin sassaƙa mafi girma da suka rage daga zamanin da, amma an yi masa ƙari da yawa bayan tono.

Nemi kan Caracalla da ya murtuke fuska. Mahaifinsa, Septimius Severus, wanda ya mulki Rum daga 193 zuwa 211, haifaffen Leptis Magna ne a gaɓar Libiya. Shi kuma Caracalla a 212 ya ba kusan duk 'yantattun mutanen daular 'yancin zama 'yan ƙasa. In da sauran ƙarfi, leƙa ɗakin duwatsu masu daraja ka ga Tazza Farnese, ƙaramin faranti da aka sassaƙa daga dutse guda a Masar.

Mataki na takwas: hutu, salla da abinci

Awa uku zuwa huɗu ya isa. Bayan haka ido yana kallo ne kawai. Akwai tsakar gida mai itatuwa da wurin shan shayi a ciki, zauna ka duba abin da ka rubuta. Masallatai da gidajen abincin halal suna wajen Piazza Garibaldi da Piazza Mercato. Fiza mai suna margherita ko marinara babu nama a ciki. Amma ka yi hattara da kayan fulawa: sfogliatella da taralli na gargajiya da kitsen alade ake yin su, kalmar da za ka tambaya ita ce "strutto" ko "sugna", kek ɗin babà kuma a giya ake jiƙa shi.

Mataki na tara: washegari ka kai kayan gidajensu

Daga ƙasan tashar Garibaldi ka hau jirgin Circumvesuviana mai zuwa Sorrento ka sauka a Pompei Scavi, tafiyar kusan minti 40; Ercolano Scavi yana kan hanya, rabin wannan nisan. Tun Nuwamban 2024 an ƙayyade masu shiga Pompei zuwa 20,000 a rana kuma tikiti yana ɗauke da sunan mai shi, don haka ka saya da wuri ka riƙe fasfo. Ɗauki ruwa da hula, inuwa ba ta da yawa. A can ne za ka ga siffofin mutanen da suka mutu, waɗanda Fiorelli ya fara fitarwa a 1863 ta hanyar zuba farar ƙasa a ramin da jikinsu ya bari cikin toka. Mutane ne, ka rage murya a wurin.

Buɗe littafinka ka bi lambobin da ke kusurwar tituna zuwa VI 12, 2. Za ka tarar da ɗan mutum-mutumi mai rawa a tsakiyar kwamin ruwan sama, kwaikwayon wanda yake Napoli. Wuce ciki zuwa buɗaɗɗen ɗakin da ke tsakanin lambuna biyu. A daɓensa aka shimfiɗa kwafin zanen Iskandar a 2005, daidai inda na asalin ya kwanta. Tsaya a bakin ƙofar, inda baƙon mai gida yake tsayawa, ka kalle shi daga sama.